Maikuroskof mai batir da na saya a Sabon Gari: abin da ta nuna mini da abin da ta kasa

Tun ina ɗaliba nake zana bututun ƙurar fure a takarda, wato siririn bututun da ƙurar fure ke tsirarwa don ta kai ga abin da zai zama iri, na kuma shekara goma sha ɗaya ina zana wa 'yan matan ajin ƙarshe na sakandare shi a allo, amma ban taɓa ganinsa yana tsiro da idona ba sai a watan Nuwamban da ya wuce. Abin da ya kawo wannan sauyin wata na'ura ce da nake iya ɗauka da hannu ɗaya, maikuroskof mai ido biyu da fitilar LED da batir a cikinta, wadda na saya da kuɗin adashina a wani shagon kayan ɗakin gwaji a Sabon Garin Kano. Abokan aiki da dama sun tambaye ni ko ta ci kuɗinta. Ta ci. Sai dai dole in faɗi aikin da na saye ta dominsa, don wanda zai duba jinin mai zazzaɓi ba abin da nake nema yake nema ba.

Ni bangon ƙwayar halittar tsiro nake bi. Kowace ƙwaya a jikin tsiro tana zaune ne cikin bango, ruwan da ke cikinta kuma kullum yana tunkuɗar bangon nan. A bututun ƙurar furen lili an auna wannan matsin, ya yi kusa da iskar da ke cikin tayar mota. To ta yaya bango zai yi ƙarfin da ba zai fashe ba, ya kuma yi laushin da zai miƙe ƙwayar ta girma? Magini ba ya faɗaɗa ɗaki sai ya fasa katanga, amma tsiro yana faɗaɗa nasa ɗakin dare da rana, ruwa bai taɓa yoyo ba. Babban ɓangare na amsar yana wurin abubuwa biyu, fektin da kalsiyam.

Fektin ba baƙo ba ne a kicin ɗinmu, sunansa ne kawai ba mu kira. Shi ne yake sa jam ya daskare, danginsa ne ke cikin yauƙin kuɓewa, akwai shi da yawa a farin garin 'ya'yan kuka. Wani masanin haɗa sinadarai Bafaranshe, Henri Braconnot, shi ya raɗa masa suna a 1825. Doguwar sarƙa ce ta wani irin sukari mai tsami da ake kira galakturonik asid. Lokacin da ƙwaya take fito da shi zuwa bango, yawancin ɗiyan sarƙar suna sanye da wata 'yar hula ta metil, don haka sarƙoƙin suna zamewa a kan juna, bangon yana da laushi. Daga baya wani enzayim, wato sinadarin da ƙwaya ke yi don ya gudanar mata da wani aiki, ya bi yana tuɓe hulunan. Duk inda aka tuɓe hula sai caji ya bayyana, kalsiyam kuma mai caji biyu ne, sai ya shiga tsakanin sarƙa biyu ya riƙe wannan ya riƙe waccan. Idan ɗiya kusan goma a jere suka rasa hula, riƙon yana yin ƙarfi. A 1973 wasu masana a Birtaniya suka kwatanta wannan da ƙwai a cikin kiret, kalsiyam ne ƙwan, sarƙoƙin ne kiret ɗin sama da na ƙasa, kwatancen kuma ya zauna har yau. Bututun ƙurar fure shi ne wuri mafi sauƙi na ganin wannan aiki, saboda ƙwaya ɗaya ce tal, daga baki kawai take girma, kuma bangon bakin nan kusan duk fektin ne.

Ranar da na je saye na tafi da albasa ɗaya da reza da gilasan gwaji guda biyar a jaka. Yaron shagon ya fara nuna mini kwalin, inda aka rubuta cewa tana ƙara girma sau 2000.

"Hajiya, wannan ita ce babba, har ƙwayar cuta za ki gani tana tafiya."

Na ce masa ni fatar albasa nake son gani tukuna. Mai shagon, wani dattijo da ke zaune can ciki yana lissafi, ya ɗago ya ce a buɗe mini. Wannan ita ce alfarma ta farko da zan yaba wa shagon, domin na shiga shaguna biyu kafin nan inda aka ce ba a yage kwali sai an biya. Ta farkon da aka buɗe, idanunta biyu ba su daidaita ba: in na rufe ido ɗaya ina ganin ƙwaya a tsakiya, in na rufe ɗayan sai ta koma gefe, in na buɗe duka biyun hoton ya rabu. Mai kallon irin wannan na rabin awa zai tashi da ciwon kai. Na ce, "Alhaji, wannan idonta ya karkace." Ya taso ya leƙa da kansa, bai yi gardama ba, ya sa aka sauko da wata. Ita ce a gidana yanzu. Duk wanda zai sayi mai ido biyu, kada ya bar shago bai yi wannan gwajin ba, domin gyaransa ba aikin mai gyaran rediyo ba ne.

Abin da ke cikin kwalin: jikin na'urar na ƙarfe, idanun ƙasa huɗu, wato madubban ƙara girma da ke kusa da abin da ake dubawa, masu lamba 4 da 10 da 40 da 100, idanun sama masu lamba 10 guda biyu da masu lamba 20 guda biyu, faifan ɗora gilashi mai abin murɗawa na gaba da baya da na hagu da dama, matattarar haske a ƙarƙashi mai 'yar ƙofar da ake tsukewa, caja, rigar leda, da wani mariƙin waya na roba. Abin da babu, alhali an ce mini yana ciki, shi ne gilashin awo, wato gilashin da aka zana milimita ɗaya a kansa aka raba shi gida ɗari. Ba tare da shi ba kallo kawai kake yi, ba awo ba. Aka ce in dawo bayan mako biyu. Na koma sau uku, sai a mako na bakwai ya iso. Ba su ƙara mini ko kwabo ba, amma rabin zangon karatu ya tafi ina cewa ɗalibai "wannan ya fi wancan tsawo" ba tare da lamba ba, abin ya ci mini rai.

Ruwan da ake tsirar da ƙurar fure a ciki tsohon haɗi ne. James Brewbaker na Jami'ar Hawaii da abokin aikinsa Kwack suka wallafa shi a 1963: sukari kashi 10 cikin ɗari, sannan a kowace lita miligiram 100 na borik asid, 300 na kalsiyam naitret, 200 na magniziyam salfet, 100 na fotasiyam naitret. Ma'aunin makarantarmu ba ya jin miligiram ɗari, don haka na yi amfani da ɗan ƙaramin sikelin nan irin na masu sayar da gwal, na haɗa gishirin ninki goma a kwalba ɗaya, in zan yi aiki in sirka. Furen da na fara da shi shi ne Catharanthus roseus, ɗan furen nan mai ruwan hoda ko fari da ake dasawa a bakin ofisoshi, wanda asalinsa daga Madagaska ne. Ƙurarsa tana ɓoye a cikin maƙogwaron furen, sai an tsaga da allura. Daga baya na koma tumatir, wanda ƙurarsa ba ta zubowa sai an girgiza furen. Buroshin haƙori mai batir na jingina a bayan furen, ƙurar ta zubo a kan gilashi kamar hayaƙi.

Hunturu ya koya mini darasi tun ranar farko. Ɗigon ruwa a kan gilashi ba ya minti goma sai ya fara bushewa, sukarin ya yi kauri, ƙurar ta yamutse. Maganin shi ne faranti mai murfi da audugar da aka jiƙa a ƙasa, a ɗora gilashin a kan tsinken ashana biyu, a rufe. Ita ma ƙurar, in an bar ta ta sha wannan raɓar na rabin awa kafin a jefa ta a ruwa, ba ta fashewa da yawa.

Gwajina na farko na kwatance bai ba ni komai ba. Na haɗa ruwa biyu, ɗaya da kalsiyam ɗaya babu, duka biyun suka tsiro kusan iri ɗaya. Na kwana ina zargin na'urar, ina zargin sinadaran. Washegari na nuna wa dattijon da ke kula da ɗakin gwajinmu, wanda ya girme ni a aikin da shekara ashirin.

"Malama, da wane ruwa kika haɗa?"

Na ce da fiya wata, tunda tataccen ruwanmu ya ƙare.

"Ai kin sa kalsiyam ɗin da kanki. Ruwan rijiyar burtsatse ne aka ƙulla a leda."

Ya yi gaskiya. Kuskure na biyu shi ma nawa ne, na zuba ƙura da yawa a ɗigo ɗaya. Brewbaker da Kwack sun riga sun lura da wannan: ƙura in ta yi cincirindo tana tsiro da kyau ko da ba a sa mata kalsiyam ba, in ta yi 'yan ƙalilan sai ta gaza, kuma sun gano cewa abin da taron yake ba juna shi ne kalsiyam ɗin da ke fita daga jikinsu. Da na samo tataccen ruwa na gaske, na ɗauraye gilasan da shi, na rage ƙurar zuwa ɗan abin da bakin allura ya ɗauko, bambancin ya fito fili. A ruwan da babu kalsiyam, kaɗan ne suka tsiro, waɗanda suka tsiro kuma gajeru ne, da yawansu bakinsu ya kumbura ya fashe.

Yanzu ga abin da ya sa nake wannan rubutun. Wata safiya, kimanin minti arba'in bayan na jefa ƙura a cikakken haɗin, na sa gilashin a ƙarƙashin ido mai lamba 40, na tsuke ƙofar hasken kaɗan. Ƙwayar ƙurar tana gefe, launin ruwan zuma, daga ɗaya daga cikin ƙofofinta wani siririn bututu ya fito, garai-garai kamar zaren gilashi. A cikinsa ƙananan ɗigo-ɗigo suna gudu a layi biyu: na gefe suna tafiya gaba, su kusa kai baki, su juyo su dawo ta tsakiya. Amma can a bakin akwai wani ɗan fili da babu ɗigo ko ɗaya, fari fes, kamar an share. Wannan filin ba fanko ba ne. Cike yake da ƙananan jakunkunan da suka yi ƙanƙantar da hasken fitila ba zai raba su ba, su ne ke kai sabon fektin mai hula zuwa bango. Na saita bakin bututun daidai da wani ɗan datti a gilashi, na kalli agogo, na dawo. Ya wuce dattin. Na kira ɗaliban ɗaya bayan ɗaya. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ta daɗe a kan na'urar har na bayanta suka fara ƙorafi, da ta ɗago ta ce, "Malama, wallahi tafiya yake." Na gaya musu cewa a cikin gashin masara irin wannan bututun yana iya cin santimita ɗaya a awa, kuma kowace ƙwayar masara da suka taɓa gasawa sai da bututu ɗaya ya bi gashi ɗaya tun daga waje har gindi.

Sannan na ɗiga EDTA a gefen gilashin rufi, wato siririn gilashin da ake rufe ɗigon da shi, na ja shi da takardar tsane ruwa ta ɗaya gefen. EDTA mai ƙwace kalsiyam ne, duk inda ya same shi sai ya rungume. Ba a jima ba gudun ɗigon ya rikice, bakin bututu ya buɗe, abin cikinsa ya fito kamar an matse man goge baki. Abin lura shi ne daga baki suke fashewa, ba daga jiki ba, domin jikin yana da wani ruɓi na ciki da ke ƙara masa ƙarfi, bakin kuwa fektin ne kusan zalla. A wani gilashin na ninka kalsiyam sau goma. Nan kuma babu fashewa, amma babu tafiya: bututu gajeru, masu kauri, sun tsaya cik. In ya yi kaɗan bango ya yage, in ya yi yawa bango ya sandare. Na sha faɗin wannan da baki, amma ranar ce ɗalibaina suka gan shi a gilashi uku a jere, kuma na'urar nan ce ta nuna musu. Ko da iyakar abin da ta yi mini ke nan, ban yi asara ba.

Fitilar tana da hannu a wannan nasarar. Tsofaffin na'urorin makarantarmu masu ƙwan halojin ne, suna ɗumama gilashi, ɗigon ruwa ya bushe, ƙura ta mutu kana kallo. Fitilar LED ba ta zafi, na bar gilashi a kanta fiye da awa ɗaya bututun na ci gaba da harkarsa. Batirin yana kai ni darasin gwaji uku kafin ya nemi caji, kuma a makarantar da wuta ba ta da lokaci, wannan shi ne bambanci tsakanin yin darasi da ɗage shi. Aibunta biyu. Hasken yana da shuɗi-shuɗi, yana sa ja ya yi duhu. In kuma ka rage hasken da abin murɗawa, idonka ba zai ga komai ba, amma kyamarar waya za ta cika da ratsi-ratsi masu gudu. Na bar fitilar a ƙarshen ƙarfinta, na ɗora farar takarda mai shara-shara ninki biyu a kanta, ratsin ya ɓace.

Idanun ƙasa ba ɗaya suke ba. Mai lamba 4 da mai lamba 10 ba ni da abin cewa a kansu. Mai 40, wanda shi ne dokin aikina, tsakiyarsa tar take, amma gefen da'irar yana dushewa, don haka duk abin da zan auna sai na kawo shi tsakiya. Mai 100, wanda ake sa wa mai, na gwada shi sau uku na ajiye. A kan abu mai rai da ke iyo a ruwa, man yana jan gilashin rufi, komai ya motsa. Su kuwa idanun sama masu lamba 20, waɗanda da su ne aka kai lissafin 2000 na jikin kwali, ban ga amfaninsu ba. Suna ƙara girman hoto ne, ba sa ƙara abin da ke cikinsa. Tun 1873 Ernst Abbe a Jamus ya nuna cewa na'urar da ke aiki da hasken da ido ke gani ba za ta raba abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kimanin maikuromita 0.2 ba (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), komai tsadarta. Kaurin bangon bututun ƙurar fure kusan nan yake. Za ka ga bangon a matsayin layi, ba za ka ga cikinsa ba. Ina ganin rubuta 2000 a kwali rashin adalci ne ga malamin da bai san wannan ba, wanda zai ƙara kuɗi don lamba.

Mariƙin wayar shi ne mafi rauni a cikin kayan. Robar tana da santsi, wayata tana da nauyi, kafin minti biyar ta sunkuya hoton ya zama jinjirin wata. A mako na uku sukurin ya cinye. Na ɗaure shi da robar tayar keke, yana aiki, amma na'urar da aka yi jikinta da ƙarfe ta cancanci mariƙin da ya fi wannan. Akwai kuma wata matsala da ta kusa sa in mayar da ita: faifan yana sauka a hankali da kansa, in na saita hoto na juya na dawo sai in tarar ya dushe. Na yi waya shagon, Alhajin ya ce in duba wani zobe a gindin babban abin murɗawa in ɗaure shi. Takardar bayanin da ke cikin kwali ba ta ambaci zoben ba ko sau ɗaya. Da na ɗaure, saukar ta ragu sosai, har na iya ɗaukar hoto kowane minti biyu in auna tsawon bututu a kwamfuta da ImageJ, manhajar nan ta kyauta da Wayne Rasband ya rubuta a cibiyar binciken lafiya ta Amurka. Wannan ya isa a kwatanta ruwa da ruwa. Bai isa a kama abin da aka gani a furen lili ba, inda bututun ke sauri ya lafa, ya yi sauri ya lafa, cikin ƙasa da minti ɗaya. Rawar faifan ta fi wannan motsin girma.

Rini ɗaya na saya tare da ita, rutiniyam ja, ɗan gari a kwalba kamar ta kwalli, mai tsada ƙwarai, amma kashi 0.01 cikin ɗari ake sirkawa, don haka zai daɗe. Louis Mangin ya fara rina fektin da shi a 1893. Yana kama fektin ɗin da aka tuɓe wa hula, wato wuraren da kalsiyam ke zama. Kada a sa shi a kan bututu mai girma sai an gama kallo, domin yana tare hanyar kalsiyam, girman ya tsaya. Inda ya fi burge ni shi ne a kan irin lansir. Lansir dangin Arabidopsis ne, ɗan tsiron da masu bincike a duniya suka fi aiki da shi, kuma irinsa in ya jiƙa yana fitar da yauƙi ya kewaye kansa. Da ido sai ka ce ruwa ne kawai ya yi kauri. A ƙarƙashin ido mai lamba 4, bayan rini, kowane iri yana zaune a tsakiyar da'ira mai ruwan hoda. Wanda na jiƙa a ruwa mai kalsiyam, da'irarsa ta tsuke ta yi duhu. Wanda na jiƙa a EDTA, tasa ta baje ta yi faɗi har ta fara narkewa. Wannan gwajin ba ya buƙatar fure, ba ya buƙatar jira, irin lansir kuma na kuɗi kaɗan ya ishi aji guda. Ga malamin da bai taɓa yin ko ɗaya ba, da shi nake ba da shawarar a fara.

Akwai iyakar da na'urar ba ta tsallakewa, ba kuma laifinta ba ne. Hujjar cewa fektin mai hula yana baki, marar hula yana baya, an samo ta ne da wasu sinadaran garkuwar jiki da aka horar su gane fektin iri-iri: JIM7 yana kama mai hula da yawa, JIM5 yana kama mai hula kaɗan, LM19 da LM20 daga ɗakin binciken Paul Knox a Jami'ar Leeds suna irin wannan aikin, 2F4 daga Namur ta ƙasar Beljiyam kuma yana gane fektin ɗin da kalsiyam ya riga ya ɗinke. Dukansu sai da na'ura mai hasken da ke sa rini ƙyalli. Haka ma kalsiyam ɗin da ke cikin ƙwayar, wanda yake taruwa a bakin bututu ya ragu a baya, abin da Peter Hepler da abokan aikinsa a Massachusetts suka shafe shekaru suna aunawa. Mai digiri na biyu da ke son wallafa bincike a kan wannan, tawa za ta taimake shi ya tace tambayarsa da haɗin ruwansa, amma ba za ta kai shi ƙarshe ba.

Kuma ina gaya wa ɗalibaina kada su ɗauka kiret ɗin ƙwai ya gama magana. John Boyer da Timothy Proseus a Delaware sun yi aiki da Chara, wani tsiron kududdufi mai ƙwayoyin da tsawonsu ke kai santimita da yawa, suka ga cewa in aka zuba sabon fektin marar hula a ruwan, girma yana ƙara sauri. Bayaninsu shi ne sabon yana ƙwace kalsiyam daga tsohon, bangon ya saki na ɗan lokaci ya miƙe, sannan sabon ya shiga ya ɗinke. A 2011 kuma Alexis Peaucelle da Herman Höfte da abokansu a Faransa suka taɓa bangon kan tsiron Arabidopsis da wata allura mai auna tauri, suka tarar inda aka tuɓe hular fektin ya fi laushi, akasin abin da kwatancen kiret zai sa ka zata. Tuɓe hula ɗaya ce, amma sakamakon ya dogara da yadda aka tuɓe, da yawan kalsiyam a wurin, da ko akwai wani enzayim da ke jiran ya daddatsa sarƙar. Wannan ne ya sa fagen yake da rai.

Wata ɗaliba da mahaifinta ke noman rani a Kadawa ta kawo mini tumatir uku masu baƙin gindi. Na yanka siriri daga inda baƙin ya fara, muka ga ƙwayoyin sun rushe sun manne, na kusa da su kuma cike suke. Ba ƙwaro ba ne, ba cuta ba ce. Kalsiyam yana tafiya ne da ruwan da saiwa ke ja, ba ya komawa daga tsohon ganye zuwa 'ya'ya, gindin tumatir kuma shi ne ƙarshen layi. In ban ruwa ya yi tsalle-tsalle lokacin da ɗan tumatir ke saurin girma, wurin nan ne ke fara rasawa, ko da ƙasar tana da kalsiyam. Daga nan hira ta kai mu kan wake: kanwa tana sa shi saurin nuna ne saboda tana warware fektin ɗin da ke manne ƙwaya da ƙwaya, ruwa mai kalsiyam da yawa kuma yana sa shi taurin kai a tukunya.

Wata bakwai ke nan. Fentin faifan ya fara gogewa inda gilashi ke zamewa. Ƙurar hunturu ta shiga idon sama ɗaya duk da rigar leda, na buɗe na hure da abin hura iska na roba, ban sa ƙyalle ba. Da damina ta kawo jiki na mayar da ita cikin bokiti mai murfi tare da ƙullin silika, domin funfuna in ta kama ido ba ta fita. Ga malamin sakandare ko na kwalejin ilimi, ko ɗalibin aikin gona da ke son gwada ƙarfin ƙurar irinsa, ina cewa ya saya. Ya tafi da albasa da gilashi, ya rufe ido ɗaya ya buɗe ɗaya a gaban mai shago, ya tambayi inda zoben ɗaure faifai yake, kada kuma ya biya sai gilashin awo yana hannunsa. Kuɗin da zai ƙara don idanu masu lamba 20, gara ya sayi mariƙin waya na ƙarfe da jarkar tataccen ruwa.